Masaƙin Levenshulme da Masaƙin Kano: A Ina Hanya Ta Rabu?

Gaisuwa ga iyayenmu da 'yan uwanmu na Levenshulme da Longsight da Cheetham Hill, da kuma na Bamingham da ke tare da mu ta intanet. Yau baya za mu koma, zuwa ƙarni na 18 na Miladiyya, wato daga 1700 zuwa 1800, wanda ya yi kusan daidai da ƙarni na 12 na Hijira.

Da an ce mulkin mallaka, hankalin Bahaushe sai ya tafi kan Lugga da shigar sojojinsa Kano a watan Fabrairun 1903. To a ƙarni na 18 babu Baturen da ke mulkin ko da ƙauye ɗaya a ƙasar Hausa. Inda Ingila ke da mallaka a lokacin shi ne gabar Amurka ta Arewa, da tsibiran Karebiyan irin su Jamaika da Barbados, sai kuma Indiya, wadda kamfanin 'yan kasuwar Ingila ya fara haɗiyewa bayan yaƙin Plassey a 1757. Amma duk da nisan, abin da aka ƙulla a wancan zamanin ya iso har cikin kasuwar Kurmi ta Kano, kuma a garuruwan nan biyu da muke zaune, Mancesta da Bamingham, aka ƙulla da yawa daga cikinsa.

Mu fara da nan ƙofar gida. Wannan Levenshulme da muke gani cike da shagunan nama da gidajen abinci da motocin haya, a wancan ƙarnin ƙauye ce ta 'yan ɗaruruwan mutane, gonaki da makiyaya. Ba ta ma shiga cikin birnin Mancesta ba sai a 1909. Titin Stockport da muke tsallakawa kullum, tun wajen 1724 aka mai da shi hanyar da ake biyan kuɗin shinge, ana gyara ta da abin da aka karɓa daga masu keken doki. Mutumin da ke zaune a gefen wannan hanya, in ka leƙa gidansa, za ka tarar da 'yar gona da saniya ɗaya ko biyu, ga masaƙa a ɗaki kusa da taga don haske. Matarsa da 'ya'yansa mata suna shiɓa suna kaɗi, shi yana saƙa. Ɗan kasuwa daga Mancesta ke ba shi auduga da zaren tsaye, ya saƙa ya mayar, a biya shi ladan aikinsa. Yadin da ya fi saƙawa shi ne wanda suke kira fustiyan, tsayensa lilin, kwancensa auduga, domin a lokacin masu kaɗin Ingila ba su iya fitar da zaren auduga mai ƙwarin da zai yi tsaye ba. In ana so yadi ya yi fari, sai a jiƙa shi a ruwan toka, a tsoma a tsamin nono, a shanya a fili, a yi ta maimaitawa har watanni.

Duk wanda ya tashi a karkarar Kano ko Zazzau kafin zuwan atamfar Sin, wannan gida ba baƙo ba ne a wurinsa. Kakanninmu mata su ke gurza auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari, su fitar da abawa da siririn zare. Da rani, in an gama aikin gona, maza su kafa masaƙa a gindin bishiya ko a zaure, su miƙe zare da nisa, su danne bakinsa da dutse a kan kunkuru, ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya. Abin da ke fita ƙyalle ne siriri, sai maɗinki ya harhaɗa ya zama zane ko riga. Daga nan a kai marina, inda aka haƙa rijiyoyin karofi aka shafe su da laso, aka haɗa baba da toka da katsi, ana motsawa da muciya har ruwan ya nuna. Sannan a wuce wa mabuga, su zuba shuni su yi ta dukansa a kan gungume har ya ɗauki walƙiya. Rawanin ɗan Kura da Buzaye ke rufe fuska da shi, da turkuɗi, da kore, duk ta wannan hanya suke fitowa. Marinar Ƙofar Mata kuwa, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, ta riga duk wata masana'antar Mancesta da kusan shekara ɗari uku.

Don haka in aka ajiye masaƙin Levenshulme na 1720 kusa da na Kano na wannan shekarar, ban ga wanda zai raina wani ba. Na Ingila ya fi faɗin ƙyalle, na Kano ya fi shi zaren auduga zalla da sanin rini. Kuma dukansu biyu, in gaskiya za a faɗa, almajirai ne a gaban masaƙan Indiya, waɗanda su ke tufatar da duniya a lokacin.

To a ina hanya ta rabu?

Wuri na farko shi ne majalisa. Yadin Indiya mai zane-zane ya shigo Ingila, ga sauƙi, ga kyau, ga shi ba ya zuba in an wanke. Mata suka ruɗe a kansa, masaƙan ulu da na siliki suka yi ca. A 1700 majalisar Landan ta hana shigo da shi, a 1721 ta ƙara da hana sa shi ma: tarar fam 5 ga wanda ya sa, fam 20 ga wanda ya sayar. A 1736 kuma aka yi wa fustiyan ɗin Mancesta rangwame, aka ce shi a buga masa zane a sayar ba laifi. Ba a ɗage haramcin ba sai a 1774, lokacin da injunan Lankasha, wato yankin Mancesta, suka fara tsayawa da ƙafarsu. Abin ya yi kama da uwar da ta hana 'ya'yanta cin tuwon maƙwabta har sai da ta koyi tuƙa nata. Ku riƙe wannan, jama'a, domin ƙasar da ta kulle ƙofarta shekara saba'in da huɗu ita ce daga baya ta zama babbar mai wa'azin a buɗe kasuwa.

Su kuwa sarakunanmu me suke yi a daidai wannan lokaci? Littafin Tarihin Kano ya ba da labarin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, cewa ya matsa wa kasuwar Kurmi da haraji har ta kusa mutuwa, Larabawan gari suka tattara suka koma Katsina, talakawa suka watse ƙauyuka. Wanda ya gabace shi, Sharefa, shi ma an san shi da ƙirƙiro haraji iri-iri. Ba mugunta kaɗai ba ce, yaƙi ne ke cin kuɗi: Kano da Gobir da Zamfara da Katsina sun shafe ƙarnin suna gwabzawa, kuma doki da sulke ba sa samuwa a banza. Amma sakamakon ɗaya ne. Can hukuma na gina wa mai sana'a katanga, nan kuwa tana tatsarsa. Katsina ce ta ci ribar wannan kuskure, ta zama babbar kasuwar ƙasar Hausa a ƙarnin, kuma irin waɗannan karɓe-karɓe na cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya yi ta suka a wa'azinsa.

Wuri na biyu shi ne inji, kuma shi aka fi koya wa 'ya'yanmu a makarantun nan. A 1733 John Kay na garin Bury ya ƙera ƙoshiya mai gudu da kanta in an ja igiya, sai masaƙi ya riƙa cinye zare fiye da yadda matan gida za su iya kaɗawa. Ƙarancin zare ya sa James Hargreaves ya fito da injin kaɗi mai mazarai da yawa wajen 1764, har maƙwabtansa suka fasa masa gida suka farfasa injunan don tsoron rasa abinci. Richard Arkwright, wanda asalinsa wanzami ne a Bolton, ya yi rajistar injin da ruwa ke juyawa a 1769, Samuel Crompton kuma ya haɗa dabarun biyu a 1779. Kafin nan, a 1761, an haƙa magudanar Bridgewater wadda ta karya farashin kwal a Mancesta da kusan rabi. Wajen 1782 Arkwright ya gina masana'antar kaɗi ta farko a cikin gari, a Shudehill, kusa da inda tashar motoci take yanzu. Wannan duk gaskiya ne, kuma ba na rage musu komai a basira.

Sai dai inji ba ya cin iska. Auduga ba ta fitowa a Lankasha, ko ƙwaya ɗaya. A 1760 Ingila na shigo da auduga wajen laba miliyan biyu da rabi a shekara; zuwa 1800 ta haura laba miliyan 50. Wa ya noma ta? Wani kaso daga ƙasar Turkiyya ya zo, amma mafi yawa daga Karebiyan da Barazil, sannan daga kudancin Amurka bayan Eli Whitney ya ƙera injin gurza a 1793. Masu noman kuwa bayi ne baƙaƙe da aka kwaso daga Afirka. Nan ne wuri na uku, kuma a ganina shi ne babba.

Ku dubi yadda abin ke zagayawa. Jirgi zai tashi daga Libaful da kaya, ya sauka gabar Afirka ta Yamma ya musanya su da mutane, ya haye teku ya sayar da su, ya dawo da sukari da taba da auduga. Jiragen Libaful kaɗai sun kwashi 'yan Afirka kusan miliyan ɗaya da rabi. Kayan da ya fi yawa a cikin jirgin idan zai tafi shi ne yadi. Da farko na Indiya ne, domin dokar da ta hana sa shi a Ingila ba ta hana a wuce da shi Afirka ba. Sai 'yan kasuwar Mancesta suka fara kwaikwayon zanensa, mai ratsi da mai gida-gida, suna turawa. Masu saye a gabar teku kuwa sun san yadi, domin su ma masaƙa ne, in rini bai kama ba ko saƙa ta yi sako-sako sai su ƙi karɓa. Wannan tsantseni na 'yan Afirka na cikin abin da ya tilasta wa Mancesta gyara aikinta. Ɗaya daga cikin manyan wannan ciniki, Samuel Touchet, har jiragensa ya bayar aka ƙwace Senegal daga hannun Faransa a 1758. Haka Samuel Greg, wanda ya gina masana'antar Quarry Bank a Styal a 1784, nan kusa da filin jirgin sama: danginsa na da gonar bayi a tsibirin Dominika, shi kuma a nan yana aiki da yaran da aka ɗebo daga gidajen marayu da na matalauta, suna tsaye gaban inji awa sha biyu ko fiye a rana. Talakan Ingila ma bai sha da daɗi ba. Masaƙin nan namu na gefen titin Stockport ya ɗan ji daɗi da zare ya yi araha, amma jikokinsa sun ƙare a bakin ƙofar masana'anta suna jiran a kaɗa ƙararrawa.

'Yan uwa na Bamingham, kada ku ce an manta da ku. Garinku garin maƙera ne. A unguwar da har yau ake kira da sunan bindiga, kusa da tsakiyar gari, ba wata babbar masana'anta ce ke ƙera bindiga ba. Wani bututun kawai yake yi, wani kunamar, wani ƙotar, yara na gudu tsakanin shago da shago da kaya a kafaɗa, sai a haɗa a wuri guda. Tsarin bai yi nisa da na birnin Kano ba, inda Soron Ɗinki da Dukawa da Majema kowace unguwa ta san abin da take yi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa a rabin ƙarshe na ƙarnin, bindigogin da ke barin Ingila zuwa Afirka ta Yamma sun haura dubu ɗari a shekara, mafi yawansu daga Bamingham, da dama kuma marasa inganci, irin waɗanda kan fashe a hannun mai harbi. Daga garin ne kuma ake zubo mundayen tagulla da aka yi ta ciniki da su a matsayin kuɗi a kudu maso gabashin Nijeriya, har sai da gwamnatin mulkin mallaka ta janye su a 1948 zuwa 1949.

Akwai wani labari a nan da ya cancanci a tsaya a kansa. Samuel Galton ƙarami, babban mai ƙera bindiga, ɗan ɗariƙar Kiristocin Quaker ne, waɗanda aƙidarsu ta haramta yaƙi. A 1795 'yan ɗariƙarsa suka tuhume shi. Bai musa ba. Hujjarsa ita ce shi ƙerawa kawai yake yi, ba shi ke harbi ba, kuma duk mai biyan haraji da mai shan sukari da mai ba gwamnati rance, hannunsa na ciki kamar nasa. Suka kore shi a 1796, ya ci gaba da zuwa wurin ibadarsu, ya ci gaba da sana'arsa. Hujjar ba ta wanke shi ba, amma rabinta na biyu gaskiya ne, kuma ya shafe mu.

Ya shafe mu, domin igiyar ta iso har gida. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sharefa, tsakanin 1703 da 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wurin nan da kakanninmu ke ƙirgawa su ɗura a keso, dubu ashirin-ashirin, daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake tsinto shi. Mafi yawansa jiragen Turawa ke ɗauko shi zuwa Landan da Amsterdam, su sake lodinsa zuwa gabar Dahome, a sayi bayi da shi, sannan ya hauro ta ƙasar Yarbawa da Nufe har ya iso Kurmi. Littafin ya ce a zamanin Kumbari aka fara kawo bindigogi, kuma Babba Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1768 zuwa 1776, shi ne sarkin Kano na farko da ya ajiye 'yan bindiga masu tsaron kansa. Me muka bayar aka ba mu waɗannan? Kanwa, da fata, da tufafi, da dawaki, da kuma mutane. Bayin da aka kama a yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa sun gangara Oyo, wasu suka tsaya can suna wanzanci da tufka igiya da kiwon shanu, wasu aka wuce da su Porto-Novo da Badagiri da Ikko. Yawansu ya ƙaru bayan fara jihadin Shehu a 1804, har ya kai a 1807 hukumomin Bahiya a Barazil suka bankaɗo shirin tawayen da bayi Hausawa suka ƙulla. Wanda duk zai ba da wannan tarihi ya tsallake wannan gaɓa, ya yi wa masu sauraronsa ha'inci.

Adalci kuma ya sa a faɗi cewa a garin nan aka samu masu cewa a'a. Ranar 28 ga Oktoban 1787 Thomas Clarkson ya yi huɗubar sukar cinikin bayi a cocin da yanzu ya zama babban cocin Mancesta, kuma ya tarar da baƙaƙen fata wajen arba'in zuwa hamsin tsaye kusa da mumbari. Shekarar da ta biyo, mutanen gari fiye da dubu goma suka sa hannu a takardar koke zuwa majalisa, alhali da yawansu da audugar bayi suke ci. Sai a 1807 aka haramta cinikin a jiragen Ingila.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda masaƙin Kano ya daɗe bai faɗi ba. Hasali ma, bunƙasarsa mafi girma ta zo ne bayan jihadi, lokacin da daular Sakkwato ta haɗe kasuwanni. Hugh Clapperton ya shiga kasuwar Kurmi a 1824 har ya sayi lema ƙirar Ingila, alamar cewa kayan Turawa na isowa ta Sahara, amma da Heinrich Barth ya zo a 1851 ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara da wuri miliyan 300, ana kai su Tambutu da Ghat da Murzuk har Tarabulus. Shi ya sa Turawan da suka biyo baya suka riƙa kiran Kano Mancestar Afirka. A 1902 attajiran Lankasha suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a nan Mancesta, suna kwaɗayin audugar Arewa. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai suka tarar masaƙan gida na sayen auduga da tsadar da ba za su iya biya ba, manoma kuma suka karkata ga gyaɗa. A hankali dai akoko da alawayyo da atamfa 'yar Ingila, irin wadda aka daɗe ana bugawa a Hyde nan gabas da mu, suka ci kasuwa. A 1957 gwamnatin Sardauna ta buɗe masaƙar Kaduna da haɗin gwiwar wani kamfanin Lankasha, David Whitehead and Sons. Yau ita ma a rufe take, na Lankasha ma galibi sun zama gidajen haya da ofisoshi, mu da su duk daga Sin da Indiya muke sayen abin sawa.

Hukuncina dai shi ne ba ƙwarewar hannu ce ta raba masaƙan nan biyu ba. Ɗaya ya samu hukuma mai kare shi, da jiragen ruwa, da gonakin bayi a ƙetaren teku. Ɗayan ya samu sarakuna masu yaƙi da juna. Shi ya sa nakan ji ciwo in na ji ɗanmu da aka haifa a nan yana iya lissafo Kay da Hargreaves da Arkwright don jarrabawa, amma bai taɓa jin kalmar karofi ba, ko kuma in ji babba yana ɓoye cewa gidansu gidan marina ne ko na maƙera, kamar abin kunya.

Iyaye, ga roƙona. Quarry Bank a buɗe take ga masu ziyara, kuma gidan tarihin kimiyya da masana'antu na tsakiyar Mancesta na da tsofaffin injunan saƙa. Ku kai yara su gani, ku gaya musu daga ina audugar ta zo. In an je gida hutu, a cire rana ɗaya daga ziyarce-ziyarce a kai su Ƙofar Mata ko Kura, su ga yadda ake tsoma zane a fitar. In da tsohuwa a gidanku da ta taɓa riƙe mazari, ku kunna wayarku ku naɗi bayaninta tun tana da rai. In kuma za ku sayi saƙi ko rawani daga hannun mai yinsa, ku da ke karɓar albashi da fam, ku biya kuɗin da ya faɗa, kada ku tsaya neman ragi.